Haɗarin Kamuwa da HIV da Tushen Juriya Tsakanin 'Yan Mata Masu Tasowa: Abin da Binciken Kudanci da Gabashin Afirka Ya Nuna

Tsakure

Wannan takarda ta duba dalilan da suka sa 'yan mata masu tasowa a Afirka kudu da Sahara suka fi samari tsararsu kamuwa da ƙwayar cutar HIV mai karya garkuwar jiki. Ta kuma auna abin da masana ke kira juriya, wato yadda wasu yara ke tsallakewa lafiya alhali sun taso cikin halin da ya kayar da 'yan uwansu. Takardar ta dogara ga binciken da aka riga aka wallafa daga Malawi, Afirka ta Kudu, Botswana, Kenya, Zambiya da Zimbabuwe. Hujjarta ita ce, halayyar yarinya ita kaɗai ba ta isa ta bayyana girman haɗarin da take ciki ba, kuma juriya aba ce da ake ginawa da makaranta, da abinci, da babban mutum mai kula. Sashen ƙarshe ya duba inda wannan ya shafi arewacin Nijeriya, musamman ƙananan matan aure da yaran da aka haifa da cutar.

1.0 Gabatarwa

Hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023, kowane mako 'yan mata da ƙananan mata 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ne suka kamu da HIV a duniya, kuma 3,100 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara suke. In aka taƙaita ga 'yan shekara 15 zuwa 19 a wannan yanki, alƙaluman hukumar na 2021 sun nuna cewa cikin kowane bakwai da suka kamu, shida mata ne. Ratar ba ta tsaya a kudancin nahiyar ba. Binciken NAIIS da aka yi gida-gida a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da cutar, mata kashi 1.9, maza kashi 0.9. Tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24 kuwa, matan sun ninka mazan fiye da sau uku.

Shekaru da dama saƙon faɗakarwa guda ne: a kame kai, a riƙe amanar aure, wanda ya kasa ya yi amfani da kwaroron roba. Saƙon gaskiya ne, ya kuma ceci rayuka. Amma an gina shi a kan zaton cewa wanda ake wa magana shi ke da ikon zaɓi a hannunsa. Samari ba su fi 'yan mata kamun kai ba. A mafi yawan bincike ma su ne ke faɗin cewa sun fi yawan abokan hulɗa. To me ya sa cutar ta fi faɗa wa 'yan matan? Kuma cikin 'yan matan da ke unguwa ɗaya, talauci ɗaya, me ya bambanta wadda ta kamu da wadda ta tsira?

Wajen amsa waɗannan tambayoyi na fi ba da nauyi ga gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka kuma auna sakamakon da gwajin jini. Dalili shi ne, abin da yarinya za ta faɗa wa baƙo mai riƙe da takardar tambayoyi game da sirrinta ba lallai ya zama abin da ya faru ba. Kunya da tsoro suna rage magana, a wurin samari kuma fariya tana ƙara ta. Inda na kawo binciken da ya dogara ga abin da yaran suka faɗa da bakinsu, zan bayyana haka.

2.0 Daga ina cutar ke zuwa

Akwai dalili na halitta da ba a musunsa. Bakin mahaifar yarinyar da ba ta gama girma ba yana da laushi, ya fi saurin jin rauni, kuma duk wani ciwon sanyi ko kumburi a wurin yana buɗe wa ƙwayar cutar ƙofa. Saduwar da aka yi da ƙarfi tana ƙara wannan rauni. Sai dai halitta iri ɗaya ce a Katsina da lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, amma yawan kamuwa ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi tasiri shi ne ko namijin da yarinyar ta haɗu da shi yana ɗauke da cutar.

A 2017 Tulio de Oliveira da abokan aikinsa na cibiyar CAPRISA sun wallafa wani bincike daga gundumar uMgungundlovu a KwaZulu-Natal. Maimakon su tambayi mutane da wa suka kwana, sai suka kwatanta tsarin halittar ƙwayar cutar da ke jinin kowa, don gano waɗanda cutarsu ke da tushe ɗaya. Sun gano cewa matan da ba su kai shekara 25 ba, cutarsu tana haɗuwa ne da ta mazan da suka girme su da shekara 8.7 a matsakaici. Bayanin da suka yi shi ne: namiji mai shekara 25 zuwa 40 yana ɗauka daga mace tsararsa, ya kai wa yarinya ƙarama; yarinyar ta girma da ita, ta ba namiji tsararta, shi kuma ya koma ga wata ƙaramar. Da yawa daga cikin mazan nan ba su san suna ɗauke da cutar ba, ba sa shan magani, ƙwayar kuma ta yi yawa a jininsu. Dole in ambaci cewa ba kowane bincike ne ya goyi bayan wannan ba. Guy Harling da abokansa, a 2014, sun bi sawun mata a wani yankin karkara na lardin, ba su ga cewa tazarar shekaru ta ƙara wa ƙananan mata haɗari ba. Ina ganin abin da za a ɗauka daga saɓanin shi ne, tazarar shekaru tana yin illa gwargwadon yadda cutar ta yaɗu tsakanin manyan maza a wurin, da kuma yawan waɗanda ke shan magani a cikinsu.

Pascaline Dupas ta gwada wannan tunani a makarantun firamare na yammacin Kenya. A wasu makarantu an horar da malamai kan manhajar gwamnati mai kira zuwa ga kame kai har aure. A wasu kuma an shiga aji an nuna wa 'yan mata alƙaluman da ke nuna cewa cutar ta fi yawa a jikin manyan maza fiye da samari tsararsu. Manhajar gwamnati ba ta rage yawan ciki ba. Ɗan gajeren bayanin nan kuwa ya rage yawan ciki da kashi 28 cikin 100, cikin da manyan maza suka yi kuma ya ragu da kashi 61. Ba a auna HIV kai tsaye a wannan gwaji ba, ciki aka ɗauka a matsayin alamar saduwa ba kariya. Duk da haka ya nuna cewa 'yan matan masu lissafi ne, in an ba su bayanin da ya shafi ainihin zaɓin da ke gabansu suna aiki da shi.

Akwai kuma batun aure, wanda ya fi kowanne nauyin faɗa a gaban jama'armu. A 2004 Shelley Clark ta nazarci alƙaluman biranen Kisumu a Kenya da Ndola a Zambiya, ta kwatanta 'yan shekara 15 zuwa 19 masu aure da tsararsu marasa aure waɗanda suka riga suka san namiji. A Kisumu kashi 33 cikin 100 na masu auren ne ke ɗauke da cutar, marasa auren kashi 22. A Ndola kashi 27 ne da kashi 16. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Matar aure tana saduwa a kai a kai, ba a maganar kwaroron roba a ɗakinta domin ana neman haihuwa, ba ta da bakin cewa a'a, kuma mijin ya girme ta, ya yi rayuwa kafin ita. Clark ta gano cewa mazajen auren sun ninka samarin marasa aure kusan sau uku wajen ɗauke da cutar. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan mata sun bi duk abin da aka ce su bi. Sun kame kansu, sun riƙe amana, cutar ta same su a ɗakinsu.

3.0 Me ake nufi da juriya

Nazarin juriya ya girmi cutar HIV. Emmy Werner ta bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya bisa uku nasu sun taso cikin talauci, da rikicin gida, da iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali. Cikin waɗannan, kusan ɗaya bisa uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu da iyalinsu. Da aka duba abin da ya haɗa su, sai aka ga kusan kowannensu ya samu babban mutum guda da ya tsaya masa, ko kaka, ko gwaggo, ko malami, ko maƙwabci. Ann Masten ta ƙara da cewa juriya ba wani abin al'ajabi ba ne, daga abubuwan yau da kullum take fitowa in ba a lalata su ba. Michael Ungar kuma ya ja hankali ga ɓangare na biyu: yaro ya iya neman taimako, amma kuma taimakon ya kasance akwai shi, a sigar da ta dace da al'adar yaron.

Wannan ma'ana ita takardar ta ɗauka. Yarinyar da ta haɗiye baƙin cikinta ta yi shiru, mu kan yaba mata, amma shirun ba ya kare jininta. Ina kuma jin tsoron yadda kalmar ke yawo a bakin masu shirye-shirye, domin in aka mai da juriya halin mutum, to wadda ta kamu ita ce mai laifi, ita ce ba ta jure ba, gwamnati da iyaye kuma sun wanke hannunsu.

4.0 Kuɗi, makaranta da kulawa

In talauci ne ke tura yarinya ga babban namiji, to ba ta kuɗi ya kamata ya rage kamuwa. An gwada wannan a gundumar Zomba ta Malawi a 2008 da 2009. Sarah Baird da abokan aikinta sun zaɓi 'yan mata marasa aure masu shekara 13 zuwa 22, aka riƙa ba yarinya dala 1 zuwa 5 a wata, iyayenta kuma dala 4 zuwa 10. Bayan wata 18 aka gwada jininsu. Cikin waɗanda suke makaranta tun farko, masu karɓar kuɗin kashi 1.2 cikin 100 ne ke ɗauke da HIV, waɗanda ba a ba su ba kashi 3.0. Amfani da kwaroron roba bai canja ba. Abin da ya canja shi ne, masu karɓar kuɗin sun rage hulɗa da manyan maza, sun kuma rage yawan saduwa. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2012, ya kuma faranta ran mutane da yawa. Amma yana da rauni biyu. Ba a gwada jinin 'yan matan ba kafin a fara, saboda haka ba a san tabbas wa ta zo da cutar ba. Na biyu, da aka koma bayan shekara biyu da yanke kuɗin, sai aka tarar mafi yawan ribar ta zube.

Gwaji na biyu, mai suna HPTN 068, an yi shi ne a yankin Bushbuckridge na lardin Mpumalanga a Afirka ta Kudu daga 2011 zuwa 2015, ƙarƙashin jagorancin Audrey Pettifor. 'Yan mata sama da 2,500 masu shekara 13 zuwa 20 aka raba gida biyu. Ana ba yarinya rand 100, mai riƙonta rand 200 a wata, in ta halarci kashi 80 cikin 100 na ranakun makaranta. A wannan karon an gwada jini tun daga farko, ana kuma maimaitawa kowace shekara. Kuɗin bai rage sababbin kamuwa ba ko kaɗan. Masu son yanke hukunci da wuri sun ce maganar kuɗi ta mutu ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba. A duka ɓangarorin biyu, halartar makaranta ta kai kusan kashi 95 cikin 100, domin karatu kyauta ne a yankin, ana ciyar da ɗalibai, mafi yawan gidaje kuma suna karɓar tallafin yara na gwamnati tun kafin gwajin. Kuɗin bai tarar da giɓin da zai cike ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, 'yan matan da ke fashin makaranta, ko da kuɗi ko babu, haɗarinsu ya kusa ninka na masu zuwa. Kuɗin kuma ya rage dukan da samari ke yi musu, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne.

Hujja mafi ƙarfi a kan makaranta ta fito ne daga Botswana, ba kuma wani mai bincike ne ya shirya ta ba. A 1996 gwamnatin ƙasar ta mai da aji na 10 cikin ƙaramar sakandare, abin da ya sa yaran da suka shiga daga wannan shekara suka ƙara zama a makaranta fiye da yayyensu. Jan-Walter De Neve da abokansa, a 2015, sun kwatanta waɗannan rukunai biyu bayan sun girma. Sun gano cewa kowace shekara guda ta ƙarin karatun sakandare ta rage yiwuwar ɗaukar HIV daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa kusan 17, wato ragin kusan ɗaya bisa uku, kuma ribar ta fi girma a wurin mata. Ba darasin HIV aka ƙara wa yaran nan ba. Zaman ajin ne kansa ya yi aiki. Yarinyar da ke aji daga safe zuwa azahar tana tare da tsararta, tana da abin da take hange a gaba, aurenta da haihuwarta suna jinkirta, in ta gama kuma tana da hanyar samun na kanta.

Lucie Cluver da abokan aikinta sun ƙara wani ɓangare. Sun bi yara sama da 3,000 masu shekara 10 zuwa 18 a lardunan Mpumalanga da Western Cape na tsawon shekara guda. Wannan bincike ya dogara ga abin da yaran suka faɗa, ba kuma a raba su da ƙuri'a ba, saboda haka a karɓe shi da wannan sharaɗi. A gidajen da ke karɓar tallafin yara, 'yan matan da suka ce sun ba da kansu don kuɗi ko kaya sun ragu da kusan rabi. A wurin samari kuɗi shi kaɗai bai canja komai ba. Da aka haɗa tallafin abinci ko kuɗi da kulawa, wato iyaye masu sa ido da yabo, ko malami mai sauraro, sai halayen da ke jawo cutar suka sauka daga kusan kashi 41 cikin 100 zuwa 15 a wurin 'yan mata, daga 42 zuwa 17 a wurin samari. Abin da Werner ta gani a Kauai shi ne ya sake bayyana a nan.

A kan wannan tunani aka gina shirin DREAMS, wanda shirin PEPFAR na Amurka ya ƙaddamar a ƙarshen 2014 a ƙasashe 10 na kudanci da gabashin Afirka, don haɗa wa yarinya guda tallafin makaranta, da wurin haɗuwa da tsararta ƙarƙashin wata yaya, da horon iyaye, da magungunan rigakafi. An kashe maƙudan kuɗi. Binciken da aka yi a gundumar uMkhanyakude ta KwaZulu-Natal bai iya nuna cewa shirin ya rage sababbin kamuwa ba, kuma raguwar da aka gani a wurin ta faro tun kafin zuwansa. Ina ganin babban darasinsa shi ne, an zuba ƙarfi a kan 'yan matan, mazan da ke kawo musu cutar kuma ba a kai gare su yadda ya kamata ba.

5.0 Magani da mai tuna maka shan sa

Magungunan rigakafi sun koya mana abu makamancin wannan. A gwajin VOICE da aka yi a Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, an ba mata kimanin 5,000 ƙwaya ko man shafawa na kullum. Mafi yawansu sun ce suna amfani da shi, amma da aka duba jininsu, ƙasa da ɗaya bisa uku ne maganin ya bayyana a jikinsu, kuma ƙananan marasa aure su ne suka fi barin sa. Ba wauta ce ta hana su ba. Kwalbar magani a ɗakin da kowa ke shiga tana jawo tambaya, kuma mai ganinta zai ce ai cutar ce da ita. A 2024 gwajin PURPOSE 1 a Afirka ta Kudu da Yuganda ya nuna cewa cikin 'yan mata 2,134 masu shekara 16 zuwa 25 da aka yi wa allurar lenacapavir sau biyu a shekara, babu ko ɗaya da ta kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a Yulin 2025. Wannan babban ci gaba ne, amma ya zo a shekarar da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairu, ayyukan rigakafi kuma su ne suka fara tsayawa.

Akwai rukunin da ake yawan mantawa in ana maganar halayyar matasa, wato yaran da aka haifa da cutar suka kuma kai balaga da taimakon magani. Su ba su aikata komai ba, amma a wannan shekaru ne suka fi barin magani, saboda gajiya, da fushi, da tsoron kada abokai su sani. A Zimbabuwe ƙungiyar Africaid ta kafa shirin Zvandiri a 2004, inda ake horar da matasa masu ɗauke da cutar su riƙa ziyartar ƙannensu a gida, suna tuna musu magani, suna sauraron damuwarsu. Gwajin da Webster Mavhu da abokansa suka wallafa a 2020 ya nuna cewa bayan mako 96, waɗanda magani ya daina yi wa aiki ko suka rasu kashi 25 cikin 100 ne a cikin shirin, a wajensa kuma kashi 36. Maganin iri ɗaya ne a duka ɓangarorin. Bambancin shi ne wani wanda ya san ciwon yana ƙwanƙwasa ƙofa.

6.0 Inda abin ya shafi arewacin Nijeriya

Binciken NAIIS ya nuna cewa yankin Arewa maso Yamma ne mafi ƙarancin cutar a Nijeriya, kashi 0.6 cikin 100, alhali Kudu maso Kudu na da kashi 3.1. A Jamhuriyar Nijar ma adadin bai kai rabin kashi ɗaya ba. Saboda haka kuskure ne a kwaso alƙaluman Kisumu a ɗora wa Kano ko Maraɗi. Kuskure ne kuma a ce auren wuri ne ya kare mu. Binciken Clark ya nuna cewa aure yana kare yarinya ne in mijin ba ya ɗauke da cutar, in kuwa yana ɗauke da ita, auren ne hanyar. Cikin abubuwan da suka taimaka mana akwai kaciya, wadda gwaje-gwajen Orange Farm a Afirka ta Kudu, Kisumu a Kenya da Rakai a Yuganda suka tabbatar tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, kuma kusan kowane namiji a ƙasar Hausa an yi masa. Akwai kuma tarbiyyar addini da ke taƙaita yawan abokan hulɗa. Amma ƙaramin kaso a cikin jama'a mai yawan miliyoyi mutane ne da yawa.

Yanayin da ya jefa 'yan matan Zomba cikin haɗari ba baƙo ba ne a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa rabin matan Arewa maso Yamma sun yi aure suna wajen shekara 16 ko ƙasa da haka, sau da yawa ga wanda ya girme su sosai, wani lokaci ya yi aure ya saki kafin su. Yawan saki da sake aure yana nufin ƙwayar da ta shiga gida ɗaya tana iya zagaya gidaje da dama ba tare da kowa ya yi zina ba. Akwai 'yar talla da aka ce kada ta dawo da saura, tana yawo tasha da kasuwa da gareji har bayan magariba. Kowa ya san abin da wani mai sayen tiren gaba ɗaya ke nema. Akwai 'yan gudun hijira: a Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara a sansanoni bakwai na Maiduguri, da yawansu saboda abinci. Wa'azin kamun kai ba shi da amsa ga yarinyar da ta kwana biyu ba ta ci ba.

Muna kuma da abin gini a hannu. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana tara 'yan matan karkara ƙarƙashin wata malama daga cikin al'umma, da yardar iyaye da malaman addini, ana koya musu karatu da lissafi da sana'a don su zarce sakandare. Islamiyya, da ƙungiyoyin mata, da gwaggo da inna da ake kai wa ƙara, duk wurare ne da babban mutum mai kula zai iya fitowa, in an ba shi sahihin bayani. A Nuwamban 2022 Ministan Ilimi na lokacin ya ba da umarnin cire darasin jima'i daga manhajar makarantu, yana mai cewa aikin iyaye da malaman addini ne. In haka ne, to wajibi ne a horar da iyayen da malaman, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na 'yan mata da kashi 34 na samari masu shekara 15 zuwa 24 ne kawai ke da cikakken sanin yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ake kauce mata.

A Mayun 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da HIV. Ina goyon bayanta, domin tana kai hannu ga namijin da sauran shirye-shirye suka kasa kamawa, kafin ya shiga ɗakin yarinya. Amma tana da wani gefe da ya kamata likitoci da malamai su shirya masa. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke ɗaukar cutar daga uwa, kuma iyaye da dama suna ba yaro magani shekara da shekaru suna ce masa na ƙarin jini ne. Kathryn Rhine, a littafinta na 2016 kan mata masu ɗauke da cutar a arewacin Nijeriya, ta nuna irin wahalar da suke sha wajen rufa wa kansu asiri don kare aurensu da mutuncinsu. Yarinyar da aka ɓoye wa gaskiya za ta iya jin labarin a karon farko bayan an kawo lefe an sa rana, dangi biyu suna jiran takarda, kuma abin da za a fara zarginta da shi kowa ya san shi.

Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yaro matsayinsa a hankali tun yana shekarun firamare. Bincike ya kuma tabbatar cewa wanda ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya ba abokin aurensa cutar, mace kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye in ta bi ƙa'idar asibiti. Saboda haka kowane asibitin da ke ba yara wannan magani yana bukatar ma'aikaciyar da za ta zauna da uwa ko mai riƙo ta taya ta faɗa, da matashiya irin ta Zvandiri da za ta riƙe yarinyar bayan an faɗa mata. Limaman da ke karɓar takardar gwaji su ma suna bukatar sanin cewa sakamakon amana ne tsakanin masu auren biyu, kuma yarinyar da ke kan magani tana iya aure in wanda zai aure ta ya sani ya yarda.